Saƙon da Ya Kwana Shekara Biyu a Fayil

Zuwa ga Yayana, babban wa madadin uba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga yayanta, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Allah Ya ƙara maka lafiya da kwanciyar hankali, Ya sauƙaƙa maka zaman nesa da gida, Ya raya mana yaran nan cikin albarka. Mu nan kowa lafiya, sai godiya. Inna tana nan da ƙarfinta, gwiwar ce dai take matsa mata in an yi sanyi. Likita ya ce ta rage hawa bene, ita kuma ta ce likitan bai isa ya hana ta zuwa ɗakinta ba, ka dai san halinta. Auta ta gama jarrabawa, yanzu ba ta da aiki sai barci da wawashe mana firji. Baban yara kuwa tun da ya ga hoton da ka turo yake dariya, wai tumbin nan naka ya kusa fara riga ka shiga ɗaki. Ka rage zama, Yaya, tsakani da Allah.

Na san za ka yi mamakin ganin doguwar wasiƙa daga mutumin da ko saƙon waya sai ta kwana uku ba ta amsa ba. Dalili shi ne in na kira ka, kafin in kai tsakiyar magana za ka katse ni da zolaya, ni kuma in hau gardama, mu rabu ban faɗi abin da ke raina ba. To ga shi nan a fili: ina so in bar aikin lauya. Shekara goma sha ɗaya ina sa baƙar rigar nan, yanzu ko ganinta a rataye a bayan ƙofa ba na so. Ban gaya wa Inna ba, ina zan fara, matar da ta kafa hotona da hular gashin lauyoyi a tsakiyar falo, duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa? Kai ma ban san da wane ido zan dube ka ba. Kai ka raɗa mini Uwar Gardama tun ina 'yar shekara bakwai, kai ka ce bakin nan nawa bai kamata ya tashi a banza ba, kuma kai ka haƙura da naka karatun bayan rasuwar Baba don nawa ya ci gaba. Ban manta ko ɗaya ba. Shi ya sa nake so ka ji dalilina daga bakina, tun kafin ka ji a wani wuri.

Kada ka zaci gajiya ce, ko kuma yayi nake bi. Gaskiya ne cikin waɗanda muka gama karatu tare da yawa sun gudu. Ɗaya ya koma kiwon kaji, duk haɗuwarmu sai ya ce kaji ba sa neman a ɗage zama. Wata ta buɗe shagon labule, ta yi ƙiba ta yi haske, har ta fara ba ni shawara kamar wata uwata. Da ni ce kan gaba wajen yi musu dariya, ina cewa zafin kotu ne suka kasa ɗauka. Nawa dalilin daban ne, wata ƙara ce guda ɗaya, kuma abin haushin ma cin ta muka yi.

Shekara biyu da 'yan watanni da suka wuce, wata babbar motar kamfanin dakon kaya ta buge wata ma'aikaciyar asibiti, 'yar shekara ashirin da shida. Da yamma ne, ana ruwan sama, ta taso daga aiki, ta fito daga bayan wata bas da ke tsaye ba ta ga motar ba. Kamfanin abokin hulɗar ofishinmu ne, sai babban lauyanmu ya miƙa mini aikin. Shi ne wanda na taɓa ba ka labari, wanda muke kira Malam Ɗage a bayan idonsa saboda son neman ɗage zama. Washegarin hatsarin direban ya zo ofis. Dattijo ne mai furfura a gemu, shekara talatin yana tuƙi ko akuya bai taɓa takawa ba. Na ba shi ruwa. Na buɗe littafina, na rubuta kwanan wata a saman shafi kamar yadda aka koya mana, na ce ya faɗa mini komai. Ya ce shi ya ɗauke ta da hannunsa, wani mai ƙaramar mota ya tsaya suka nufi asibiti, kanta yana kan cinyarsa. A hanya ta buɗe ido ta riƙe masa hannun riga, ta ce ya gaya wa Babanta kada ya jira ta, ya ci abincinsa, don ba ya ci sai ta dawo. Sau biyu ta faɗa. Kafin su shiga ƙofar asibiti rai ya yi halinsa. Direban ya ce a ranar yake so ya je gidansu ya yi ta'aziyya, ya nemi gafara, ya sauke wannan saƙo, don ya yi masa nauyi.

Na rubuta duk abin da ya faɗa, kalma ba ta ɓace ba, na kai wa Malam Ɗage. Ya karanta ya cire tabarau, ya ce in aka san yarinyar ta yi minti ashirin tana cikin hayyacinta, tana jin zafi tana magana, ƙarar za ta yi mana nauyi. Ta'aziyya kuma, in ji shi, lauyan da ya san aikinsa zai juya ta a gaban alƙali ta zama amsa laifi. Kada in ɗora masa duka, Yaya. Wallahi ko bai faɗa ba, abin da zan ce ke nan, haka na koya kuma haka nake koya wa na ƙasa da ni. Na koma na zaunar da bawan Allahn nan na kafa masa doka: kada ya je gidan, kada ya kula su in sun haɗu, kada kalmar ban haƙuri ta fita daga bakinsa sai an gama shari'a. Ya tambaye ni saƙon fa? Na ce saƙo ba ya ruɓewa, yana nan a rubuce, lokacinsa zai zo. Har murmushi na yi masa don ya kwantar da hankalinsa.

Mahaifin yarinyar ne ya shigar da ƙara. Wani ɗan tsamurmurin tsoho ne, mai gyaran rediyo da ya daina aiki. Duk ranar zama yana riga masu shara isowa, da rigarsa shuɗiya guda ɗaya da ta sha guga, ya zauna a ƙarshen bencin da ke barandar kotu, kusa da tagar da gilashinta ya fashe. In muka zo wucewa sai ya miƙe tsaye, ya ce mini sannu da aiki, lauya, sannan ya juya ya gaida direban. Direban kuma sai ya sunkuyar da kai ya bi ni kamar rago, domin tun a mota na ja masa kunne. Zama goma sha huɗu muka yi, rabinsu ɗagewa ce kawai, kuma ko sau ɗaya tsohon nan bai fasa gaisuwar ba. A zama na shida ne ya miƙo wa direban hannu. Na ga hannun direban ya fara ɗagowa, sai na shiga tsakaninsu da fayil a ƙirji, na ce Baba a yi haƙuri, doka ba ta yarda ba. Ƙarya nake, babu dokar da ta hana, dabarar aiki ce kawai. Ya mayar da hannunsa aljihu ya ce ba komai, 'yata, ya koma ya zauna.

Ranar da direban ya hau ba da shaida, na riga na horar da shi: abin da aka tambaye ka kawai za ka amsa, kada ka ƙara ko wasali. Lauyan tsohon ya tambaye shi gudun da yake yi, ya tambayi birki, ya tambayi fitila da abin share gilashi. Ni kuwa ina zaune ina roƙon Allah kada ya tambaya ko yarinyar ta yi magana. Addu'a fa, Yaya, da bakin nan da nake salla da shi! Bai tambaya ba. Alƙali ya yanke cewa babu sakaci, tsautsayi ne, kuma gaskiya ne, direban ba shi da laifi. Malam Ɗage ya yaba mini a gaban kowa a ofis, kaina ya kumbura. A wurin ajiye motoci direban ya tare ni, ko barka bai yi mini ba, ya ce yanzu zai iya zuwa? Na ce ya ƙara haƙuri, suna da kwana casa'in na ɗaukaka ƙara, in suka wuce ni da kaina zan raka shi. Na zagaye ranar da jan biro a kalandar da ke kan teburina. Duk Litinin sai ya kira ni ya tambayi saura kwana nawa, har na fara jin haushinsa, na ce da sakatariya ta riƙa ce masa ina kotu.

A rana ta tamanin da ɗaya na haɗu da lauyan tsohon a layin ofishin rajista, kowannenmu da tarin takardu. Cikin hira, kamar yana ba ni labarin ruwan sama, ya ce ai in kwantar da hankalina, mutumin nasa ya rasu makon jiya. Ya ce da ma babu wata ɗaukaka ƙara, tun ranar hukunci tsohon ya ce a bar maganar. Wai tun farko ba ya neman komai a hannun kamfanin. Ya je ofishinsu sau uku yana roƙon a haɗa shi da direban aka hana, sai wani ya ba shi shawara cewa in ya kai ƙara dole a kawo mutumin gabansa. Abin da yake so kawai ya ga wanda ya riƙe 'yarsa a ƙarshe, ya tambaye shi ko ta ce wani abu. Lauyan ya ce tsohon ya roƙe shi ya yi wannan tambaya a kotu, shi kuma ya ga ba ta da amfani ga shari'ar, ya bar ta. Yana faɗa yana gyara takardunsa. Ban san yadda na fita daga layin ba, na dai tsinci kaina a bayan gida ina riƙe da famfo.

Tun daga ranar, Yaya, tsohon nan bai bar ni ba. Ba mafarki nake nufi ba, da rana tsaka ne. In na hau barandar kotu idona sai ya tafi ƙarshen bencin nan, kuma sau da yawa sai in ga shuɗiyar riga kafin in gane wani ne daban, ko kuma babu kowa. Masinja ya ce mini sannu da aiki, lauya, sai tsigar jikina ta tashi. Makon jiya ina tsaye gaban alƙali a wata ƙarar fili, na buɗe baki, sai na ji kamar yana bayana ya miƙe tsaye yana jira in wuce. Maganar ta ɗauke mini ɗif, ni Uwar Gardama, har alƙali ya tambaya ko a ba ni ruwa. Fayil ɗin yana ɗakin ajiya, a kanta ta ƙasa, an ɗaure shi da jan zare an rubuta an kammala. Ina samun kaina a ɗakin nan sau biyu ko uku a yini, cikin ƙurar takardu, na kwance zaren ina karanta layi biyun nan na saƙon da rubutun hannuna. Tsoro nake ji, kuma kunya nake ji, ban san wanda ya fi yawa ba.

Da na gaya wa direban, na shirya jin zagi, har so nake ya zage ni. Sai kawai ya ce mini a waya, to yanzu an yarda ya je wurin mahaifiyar yarinyar? Na tambayi Malam Ɗage, ya ce kamfani ba zai so ba, in bar abin da ya wuce ya wuce. Ban bi tasa ba. Ranar Asabar da safe na ɗauki direban a motata muka tafi. Gidan yana ƙarshen wani siririn lungu, ɗaki biyu ne da 'yar baranda. A barandar akwai tebur cike da tsofaffin rediyo da aka buɗe cikinsu, da kujerar katako an ɗaure ƙafarta ɗaya da waya. Tsohuwar tana shanya wanki, ta goge hannu ta shigar da mu, ba ta ma tambayi ko mu su waye ba sai da muka zauna. Direban ya ƙi hawa kujera, ya durƙusa a bakin ƙofa, ya faɗi ko shi wane ne, ya nemi gafara yana kuka kamar ƙaramin yaro. Sannan ya faɗi saƙon, sau biyu, yadda yarinyar ta faɗa.

Tsohuwar ta saurare shi har ƙarshe. Da ta yi magana kuma ba da faɗa ta yi ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce tun ranar da abin ya faru Malam, wato mijin nata, bai ƙara cin abincin yamma da zafinsa ba. In ta ajiye masa sai ya ce a rufe tukuna, ya zauna a kujerar nan yana kallon lungu. Ya san ba za ta dawo ba, hankalinsa ƙalau, amma ya ce hannunsa ba ya iya shiga kwano. Wani lokaci ya ɗan taɓa in ya huce, wani lokaci da safe ta ɗauke kwanon yadda ta ajiye shi. Haka ya yi ta ramewa, likitoci suka yi ta gwaji ba su ga komai ba. Ta ce da direban ya tashi, ta yafe masa duniya da lahira, Malam ma ya yafe tun a kotu, ya ce mutumin da ba ya iya ɗaga ido ya dube shi ba mugu ba ne. Sai ta juyo wurina, ta gane ni, ta ce ai ni ce lauyar da Malam yake cewa mai ƙoƙari. Ta tambaye ni a hankali, ni yaushe direban ya gaya mini wannan saƙo?

Yaya, ka san abin da ya fito daga bakina? Na ce ba zan iya tunawa daidai ba. Ban shirya ba, ban yi tunani ba, haka kawai ya fito sumul, da irin muryar da nake koya wa shaidu. Ni da na san kwanan watan kamar sunana, yana saman shafi da rubutuna, washegarin rasuwar 'yarta. Direban ya ɗago ya dube ni. Tsohuwar ta gyaɗa kai ta ce ai aiki ya yi muku yawa, Allah Ya yi miki albarka da kika kawo shi. Har bakin lungu ta rako mu tana sa mini albarka. Na sauke direban a tasha, na gangara gefen titi na kashe mota, na fi awa ɗaya ban iya tayar da ita ba.

Wannan amsar ce ta yanke mini shawara, fiye da duk abin da ya gabace ta. Na riƙa gaya wa kaina cewa aikin daban, ni daban, in na cire rigar na dawo ƙanwarka da ka sani. To ranar babu riga, babu alƙali, babu abin da zan kare, matar ma ta riga ta yafe, amma bakina ya yi aikinsa shi kaɗai. Ban ce aikin lauya mugun aiki ba ne, na san masu yin sa da tsoron Allah, kuma na san da ba don mu ba, da mutane da yawa sun shiga uku. Ni ce dai ya shiga jikina ta inda ban zata ba, kuma ina tsoron ranar da 'ya'yana ko Inna za su tambaye ni wani abu in ji wannan muryar ta amsa musu. Wata ƙawata tana shugabantar makarantar sakandare, ta daɗe tana nema in zo in koyar. Ban sani ba ko zan iya da surutun yara, ban ma tabbata can zan ƙare ba. Baban yara ya ce duk abin da na zaɓa yana bayana, amma ya ce kada in yi komai sai na gaya maka.

To na gaya maka. Ba izini nake nema ba, kada in yi maka irin tawa, fahimta nake roƙo, da kuma ka taya ni fuskantar Inna in lokaci ya yi, don maganarka take ji. In ranka ya ɓaci saboda abin da ka sadaukar, kana da gaskiya, ka faɗa mini kai tsaye, zan ɗauka ba gardama. Jiya na shiga ɗakin ajiya na yage shafin nan daga littafina da ke cikin fayil ɗin, abin da in Malam Ɗage ya sani sai ya kusa suma. Yana cikin jakata tare da takardar ajiye aiki. Gobe da safe zan koma lungun nan ni kaɗai, in nuna wa tsohuwar kwanan watan da ke saman shafin, in gaya mata cewa na sani tun washegari, kuma ni ce na hana a kawo. Ban san ko albarkar da ta sa mini za ta tsaya ba bayan ta ji. In ta janye, haƙƙinta ne, da ma ba da gaskiya na same ta ba. Daga can zan wuce ofis.

Ka gaida mini matarka Anti da kyau, ka ce ina nan ina cin mutuncin girkinta a wurin kowa har sai ta zo ta kare kanta. Ka shafa mini kan yaranka, Babban Yaya da 'Yar Baba da ƙaramin sarkin rigima, ka ce Gwaggonsu tana kewarsu. Ka miƙa gaisuwata ga Kawu in kun haɗu, da maƙwabcin nan naka mai yawan tambayar labarin gida. Inna da Auta da Baban yara da yaran duk suna gaishe ku. Yau da dare zan turo maka hoton takardar nan ta waya, ka sa ni a addu'a gobe da hantsi, ka sa tsohon nan da 'yarsa ma, Allah Ya jiƙansu, Ya jiƙan Baba.

Wassalam.

Ƙanwarka,
Uwar Gardama